Kiwon tana a gida don samun taki: yadda ake farawa da abin da ke kashe ta

Tambaya: Ina da ɗan lambu a bayan gida a Zariya, da awaki huɗu da 'yan kaji. Na ji ana kiwon tana a cikin baho, ta riƙa mayar da shara taki. Anya zai yiwu a irin zafinmu? Da me zan fara, kuma me ya fi kashe ta?

Amsa: Zai yiwu, Malam, kuma kusan duk kayan aikin suna cikin gidanka. Sai dai ka sani tun yanzu, yawancin masu farawa kan abinci suke zuba hankalinsu, alhali ba yunwa ce ke kashe tana a ƙasarmu ba. Zafi ne da bushewa, sai kuma abincin da aka labta mata fiye da ƙima. Wannan dabba ba ta da huhu, ta fata take shaƙar iska, fatar kuma ba ta aiki sai da danshi. In shimfiɗarta, wato kwali da ganyen da take zaune a ciki, ta bushe, numfashinta ya tsaya. In ta cika ruwa har iska ta daina ratsawa, nan ma haka. Saboda haka ainihin aikin mai kiwo shi ne ya riƙe wuri mai sanyi, mai danshi, mai iska, tun daga Janairu har Disamba.

Ba kowace tana ake kiwo ba. Mafi yawan waɗanda fartanya ke tonowa a gona masu haƙa rami ne zuwa cikin ƙasa, ƙasar suke ci, in ka tsare su a baho sai su rame ko su gudu. Wadda kake nema ita ce mai zama a sama-sama, cikin ruɓaɓɓen ganye da tsohon juji. Iri biyu aka fi sani. Akwai 'yar ƙaramar ja mai ratsi-ratsi, wadda masana ke kira Eisenia fetida, da ita aka fi yin wannan aiki a Turai da Amurka, kuma ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 25. Akwai kuma Eudrilus eugeniae, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne. Babba ce, takan kai santimita 15 ko fiye, jikinta ja mai duhu da sheƙi kamar shunayya idan haske ya taɓa ta, ga saurin motsi. Ita ta fi son digiri 25 zuwa 30, tana ci da yawa, tana girma da wuri, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa yin ƙwai. Rauninta sanyi ne: ƙasa da digiri 15 takan yi sanyi ta rage ci, in ya ƙara sauka sai ta fara mutuwa. A Zariya, Kano ko Katsina ita ce ta dace da kai. Mutumin Jos ko Mambila zai iya riƙe ƙaramar ja ba wahala. Dukkansu biyun, in zafin cikin shimfiɗar ya kai digiri 35 ya daɗe a haka, asara ce.

In ka sami mai kiwo ka sayi iri a hannunsa, ya fi. Ka ce ya haɗa maka da ɗan takin da suke ciki, don akwai ƙwai da ƙananan halittun da suka saba da su a cikinsa. In babu mai sayarwa, sai ka yi mata tarko da damina. Nemi gindin ayaba a fadama, ko gefen tsohon jujin da ba ya bushewa, ka zuba tsohon kashin shanu mai danshi, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana goma zuwa sati biyu ka ɗaga. Waɗanda ka tarar sun taru a cikin kashin da ƙarƙashin buhun, su ne masu zaman sama. Ka zaɓi masu ɗamara, wato wani kumburarren zobe mai haske kusa da kai, alamar sun balaga. Babu zancen neman mace da namiji, kowace ɗaya tana da gaɓoɓin jinsi biyun, illa dai sai biyu sun haɗu kafin kowace ta ajiye ƙwai.

Wurin ajiya ya fi bahon kansa muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Zariya yakan haura digiri 35, a Sakkwato da Maiduguri ma ya wuce 40. Baƙin baho a rana, sa'o'i kaɗan sun isa ya dafa duk abin da ke ciki. Rumfar kwano ma ba inuwa ba ce a wannan aiki, zafi take saukarwa. Nemi gindin mangwaro ko darbejiya mai duhun inuwa, ko rumfar zana, ko gefen katangar da ranar yamma ba ta duka. Ka tsaya ka lura da wurin da ƙarfe uku na rana, ba da hantsi ba, don inuwar safe takan yaudari mutum. Kada kuma ya zama inda ruwan indararo ke zuba ko inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta.

Don farawa, bahon roba mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 30 ya isa. Tsohon durom na roba da aka tsaga biyu a kwance ma yana yi, muddin ba maganin feshi ko mai aka taɓa zubawa a ciki ba, a wanke shi tas. Faɗi ake so, ba zurfi ba, domin a sama take cin abinci, kuma duk abin da ya wuce zurfin santimita 40 yakan danne ya rasa iska. Ka zafafa ƙusa babba ka huda ƙasan bahon wuri 15 zuwa 20, ka ƙara wasu hudojin a kewayen gefe kusa da baki. Shimfiɗa guntun tsohon ragar taga a ƙasa don kada su zurare. Ɗora bahon a kan teburi ko benci, ka sa ƙafafun cikin gwangwanaye masu ruwa, ka ajiye wani faranti a ƙasa don tarar abin da ke ɗiga.

In daga baya kana son faɗaɗawa, ka gina kwami na bulo: faɗi mita ɗaya don hannu ya kai tsakiya, tsawo mita biyu ko uku, tsayi jerin bulo biyu, daɓe mai ɗan gangare da mafitar ruwa a kusurwa. Bulo ya fi roba riƙe sanyi nesa ba kusa ba, kuma tari mai yawa ba ya saurin zafafa ko bushewa kamar ɗan baho. Wannan ne ya sa ƙaramin baho, duk da sauƙinsa, ya fi buƙatar ido a lokacin bazara.

Sai shimfiɗa. Ita ce ɗakin kwananta, kuma a hankali ita ma cinye ta take. Ka yayyaga kwali mara sheƙi, ka cire salatif da ƙusoshin jiki, ka haɗa da busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko yankakken karan masara da ya fara ruɓewa. Jiƙa su kwana ɗaya, ka matse. Kashi biyu na wannan, kashi ɗaya na tsohon kashin dabbobi, da tafi ɗaya na yashi mai laushi. Yashin ba don ado ba ne: tana ba ta da haƙora, da 'yan ƙwayoyin yashi take niƙa abinci a cikinta. Zuba shimfiɗar ta kai santimita 15 zuwa 20, a sake, kada ka danna.

Gwajin danshi shi ne abin da za ka riƙa yi har ya zame maka jiki. Damƙi shimfiɗar ka matse da ƙarfi. In ɗigo ɗaya ko biyu suka fito tsakanin yatsu, daidai ke nan, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In ruwa ya zubo, ya yi yawa, ƙara busasshen kwali. In ka buɗe hannu abin ya wargaje ba ko laima a tafinka, yayyafa ruwa. Ruwan rijiya da na sama sun fi. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan alwala da aka tara a bokiti yana da kyau, amma ruwan wanke-wanke ko na wanki, mai sabulu da gishiri da mai, kada ya kusanci wurin.

Kashin awakinka dukiya ne, amma ba ɗanye ba. Ɗanyen kashi yana tashi da zafi idan ya fara ruɓewa, tsakiyar tarin yakan haura digiri 50, ga zarnin fitsari da ke ƙona fatar tana. Ka tara shi gefe, ka jiƙa, ka farfasa ƙwayoyin don na awaki tauri ne da shi, kana juyawa duk bayan kwana uku ko huɗu har sati biyu zuwa uku. Ranar da ka cusa hannu tsakiyar tarin ka ji ba ɗumi, zarnin kuma ya tafi, ya yi. Kashin shanu ya fi kowane sauƙi. Na kaji shi ne mai haɗari, ƙarfinsa ya yi yawa. Ga mai farawa, shawarata a bar shi a jujin gargajiya. Haka kuma in an yi wa dabbobi allura ko ɗurin maganin tsutsar ciki, ragowar maganin kan fita cikin kashi, don haka a ware kashin makonnin da suka biyo baya, kada a kai shi baho. Duk wani sabon abinci da kake shakka, ka zuba kaɗan a kofi, ka sa tana biyar, ka duba washegari. In sun nutse ciki lafiya lau, ba matsala. In sun hau bangon kofin ko sun mutu, ka tsira da sauran.

Bar shimfiɗar ta kwana uku zuwa sati kafin ka kawo su. Rabin kilo ya isa irin bahon da na faɗa, ko da rubu'in kilo ka samu ma ka fara, za su cika wurin da kansu. Zuba su a sama ka bar su su shige, haske ba sa so, cikin 'yan mintuna za su ɓace. Rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a kan shimfiɗar kai tsaye, sannan murfi mai huda ko raga a bakin bahon. Daren farko da na biyu sukan yi yawo, musamman babbar ta Afirka, wadda ta shahara da ficewa in an yi ruwan dare. Ka bar fitila a kunne a saman bahon dare biyu ko uku, za su zauna.

Yanzu abinci. Za ka ji ana cewa tana na cin rabin nauyinta a rana. Haka ne, amma sai in ta zauna da gindinta kuma yanayi ya yi daidai. Rabin kilo ke nan zai iya cin rubu'in kilo a rana a mafi kyawun hali. Kai ka fara da ƙasa da rabin haka. Satin farko ma kada ka ba da komai, shimfiɗar ta ishe su. Daga nan sai tafi biyu ko uku, sau biyu a sati, a binne a kusurwa ɗaya zurfin yatsa, wani karon a wata kusurwar. Ƙa'idar ita ce ba a ƙara sabo sai an ga na baya ya kusa ƙarewa. Binnewa a gefe guda yana da dalili: in abincin ya ɗauki zafi ko ya yi tsami, suna da inda za su gudu.

Suna son ɓawon kankana, kabewa, gwanda, ayaba, mangwaro, ganyen alayyafo da na kabeji da aka tsince, ɓawon dankali da na doya, ganyen shayin da aka gama da shi. A yanka ƙanana, don ba ɗanyen abin suke ci ba, sai ya fara laushi ƙananan halittu sun hau shi. Abin da ba a sa wa: nama, kifi, ƙashi, madara, miya, da duk abin da ya ji mai, gishiri ko kanwa. Gishiri yana zuƙe ruwan jikinsu ta fata. Barkono, albasa da ɓawon lemo, in ba ɗan kaɗan ba, a bar su. Sauran tuwo da dusa suna jawo ɓera da tururuwa, kuma suna zafafa shimfiɗa, don haka dusa in za a ba da, barbaɗe ne kawai. Toka kuwa, duk da amfaninta a gona, kada ta shiga baho, kaifinta yana ƙona su. In kana son rage tsami, ka busar da ɓawon ƙwai, ka daka shi ya zama gari, cokali ɗaya ko biyu a sati. Duk lokacin da ka zuba abinci mai ruwa kamar kankana, ka bi shi da busasshen kwali daidai yawansa.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa aikin. Da bazara, buhun da ke sama shi ne ransu. Ka jiƙa shi safe da yamma, ka naɗe jikin bahon da wani jiƙaƙƙen buhun, iska na bugawa ruwan na tashi yana tafiya da zafin, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Rage abinci a wannan lokaci, domin ruɓewa ita ma zafi take haifarwa. In kana da ma'aunin zafi ka soka shi tsakiyar shimfiɗa da azahar, in ya haura 32 ka ɗauki mataki. In babu, hannunka ya isa: ya kamata ka ji sanyi-sanyi. Da hunturu matsala biyu ce. Iska tana busar da saman cikin yini guda, da dare kuma sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15. Shigar da bahon zaure ko kicin, ka ƙara kaurin ganye a sama, ka yi yayyafi da rana ba da dare ba. Da damina kuwa tsare shi daga ruwan sama ne kawai. Shi ya sa farkon damina ya fi dacewa da farawa, kafin wahalar ta zo sun yi yawa.

Baho mai lafiya ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa yake yi. In ka ji ɗoyi ko tsami, abinci ya yi yawa ko ruwa ya toshe iska. Kwashe ruɓaɓɓen, ka sassauta shimfiɗar da hannu, ka cusa busasshen kwali, ka daina ciyarwa sati guda. In ka ga sun taru a bango da murfi suna neman fita da yawansu, wani abu a ciki ya dame su, ko zafi, ko zarni, ko tsami, ka duba abin da ka zuba na ƙarshe. In ka ga jikin wasu ya kukkumbura ya tsuke wuri-wuri har yana gutsurewa, yawanci abinci mai ƙarfi irin su dusa da tuwo ne ya yi tsami a shimfiɗa. Tururuwa a ciki alamar bushewa ce, ƙara danshi ka duba ruwan gwangwanayen. Kwarkwasa kuwa in ta faɗa wa baho cikin dare, da safe ba za ka tarar da komai ba, don haka kada reshe ko kara ya taɓa bahon ya zama gada. Gara tana bin kwali da kara, ita ma ɗagawa daga ƙasa ke hana ta. Kajinka, ƙadangare, kwaɗo, jaɓa da ɓera duk masoya tana ne, raga mai ƙarfi da dutse a kan murfi ita ce maganinsu. Ƙananan ƙudaje na nufin ka bar ɓawon 'ya'yan itace a fili. Wani lokaci za ka ga wasu tsutsotsi masu kauri, launin toka ko ruwan ƙasa, masu gaɓa-gaɓa: 'ya'yan wani baƙin ƙuda ne, ba sa cin tana, amma in sun yi yawa suna zafafa wurin suna jiƙa shi. Tsince su ka watsa wa kaji.

Bayan wata biyu zuwa uku za ka ga shimfiɗar ta ragu sosai, ta koma baƙi-baƙi mai ɓarɓashi, ba ka gane kwali ko ganye. Hanya mafi sauƙi ta kwashewa ita ce ka daina ciyarwa sati ɗaya, ka tura takin gefe guda, ka zuba sabuwar shimfiɗa da abinci a ɗaya gefen. Cikin sati biyu zuwa uku yawancinsu sun ƙaura. In kana sauri, ka juye takin kan leda a wuri mai haske amma ba cikin rana ba, ka yi masa ƙananan tsibi-tsibi, kana kwashe saman duk bayan minti goma suna ƙara nutsewa, har su dunƙule a ƙasa. Ka lura da ƙwan, 'yan ƙulle-ƙulle ne masu tsini, girman ƙwayar dawa ko ɗan fi. Kowane yakan fitar da 'ya'ya biyu ko uku cikin sati biyu zuwa uku, don haka in ka tankaɗe takin, abin da rariya ta tare ka mayar da shi baho. Takin a sha masa iska a inuwa, a zuba a buhu da sauran laimarsa. In aka shanya shi a rana ya bushe ƙamas, an kashe halittun da ke cikinsa, kuma su ne rabin amfaninsa.

Kada ka ɗauka zai maye gurbin buhun NPK mudu da mudu. Sinadarin naitirojin da ke cikinsa bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Ƙarfinsa yana wajen gyara ƙasa: ƙasar na riƙe ruwa, saiwa na samun abinci a hankali, kuma ba ya ƙona shuka. Saboda haka ka kai shi inda kaɗan ke yin aiki mai yawa. A renon tumatir, tattasai ko attaruhu, kashi ɗaya na takin cikin kashi huɗu na ƙasa. Wajen dashe, tafi ɗaya a kowane rami. Ga shukar da ta kama, tafi ɗaya ko biyu a kewayen gindi, a rufe da ƙasa ko ciyawa kafin ban ruwa. Baƙin ruwan da ke ɗiga daga ƙasan baho ba taki mai tsabta ba ne, ya ratso ta cikin abin da bai gama ruɓewa ba. In yana wari a zubar. In ba ya yi, a sirka kofi ɗaya da kofi goma na ruwa a zuba a gindin itace, ba kan latas ko abin da ake ci ɗanye ba. In yana fita da yawa ma, alama ce kana cika ruwa.

Idan suka yi yawa har ka ga ko'ina ka taɓa dunƙule ne, ka raba baho biyu, don in wuri ya matse sukan rage haihuwa. Riƙe baho biyu a wurare daban-daban ya fi ɗaya babba, in annoba ta faɗa wa guda kana da iri. Rarar kuma abincin kaji da tarwaɗa ce mai kyau, busasshiyar tana fiye da rabinta furotin ne. Sai dai tana kan ɗauko ƙwan wasu tsutsotsin da ke kama kaji, shi ya sa wadda aka kiwata da kashin kaji ba a mayar wa kaji ita. Ko wadda ta ci kashin awaki ce, ka wanke ta, ka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, sannan ka ba su kaɗan a kan abincinsu na kullum.